Zakkar Mainasara

A unguwar Umbadda, can bayan Omdurman, kowa Hajj yake ce wa Mainasara, alhali ko tekun da ake tsallakawa zuwa Jidda bai taɓa gani da idonsa ba. Ba shi ya raɗa wa kansa ba. Haka mutanen ƙasar suke kiran duk wanda iyayensa suka fito daga yamma da niyyar Makka, ya je ko bai je ba. Mahaifinsa da ƙafa ya taso daga wani ƙauye kusa da Haɗeja, guzuri ya ƙare masa a yankin Jazira na ƙasar, ya tsaya tsintar auduga don ya tara kuɗin jirgi. Yana cikin tarawa aka haifi Mainasara, yana cikin tarawa kuma aka binne shi a gefen gonar wani.

Matarsa Rabi'atu ce kaɗai ta san yadda sunan nan yake sukarsa. In aka ce masa "ya Hajj" a kasuwa da fara'a yake amsawa, amma ita takan ga yadda yake ɗan sunkuyar da kai, kamar wanda aka gaisar da sunan yayansa. Ba ta taɓa yi masa zancen ba, duk da cewa ita ba mace ce mai barin magana ta kwana a cikinta ba.

Ƙuruciyarsa da girmansa duk a wani kamfanin man gyaɗa da sabulu na Khartum ya ƙarar da su, yana tsaye gaban sikeli yana auna buhuna. Da gwiwa ta fara ƙara, aka sallame shi da fansho, abin da su a can suke ce wa ma'ash. Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, rediyo ba ta da zance sai na cewa hukuma za ta riƙa cire zakka daga albashin masu hali tun kuɗin bai shiga hannunsu ba. To ranar da Mainasara ya je karɓar ma'ash ɗinsa na fari, mai biyan kuɗi ya miƙo masa ambulan ta taga ya ce, "Hukuma ta ɗauki nata, ya Hajj, ga saura." Da wani ne, da sai ya tambaya. Mainasara kuwa godiya ya yi, ya biya ta kasuwa ya sayo kankana ƙatuwa, ya rungumo ta har gida.

Rabi'atu tana rumfa tana suyar gyaɗar da take sayarwa a ƙofar gida ya shigo yana haki, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Uwar Dauda, yi mini barka. Yau na shiga sahun masu fitar da zakka."

Ta dube shi, ta dubi kankanar. "Wa ya ce maka, Malam?"

"Sai wani ya ce mini? Rediyo ta faɗa, mai biya ya faɗa, ni kuma na ga ambulan ta ragu."

"Zakka a kuɗin da ba zai kai mu ƙarshen wata ba?"

"Su da lissafin ƙasa yake hannunsu sun fi ki sanin ko na kai ko ban kai ba." Ya zauna a bakin angarib, gadon igiyar da yake hutawa a kai, ya cire hula ya shafa kansa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Babana ya mutu bai je Makka ba, bai kuma taɓa mallakar abin da zai fitar wa zakka ba. Ni ma Makka ta gagare ni. Sai ga shi Allah ya buɗe mini wannan ina zaune."

Rabi'atu tana da amsa, amsoshi ma. Amma ta ga fuskarsa irin wadda ba ta gani ba tun ranar sunan ɗansu Dauda, wanda yanzu yake Libya yana neman na kansa. Sai ta haɗiye, ta tashi ta ɗauko wuƙa ta yanka kankanar.

Da abin ya tsaya a nan da babu wanda zai ji kansu. Amma Mainasara mutum ne da in ya riƙe abu yakan riƙe shi har gindi. Duk shekara in azumi ya matso, kwamitin unguwa yakan raba wa gidajen marasa ƙarfi buhun dawa da ɗan sukari da mai daga kayan zakka, kuma sunan gidan Mainasara yana ciki, don masu kwamitin suna da ido. Ilyasu mai amalanken jaki shi yake kai wa gida-gida. A shekarar farko da ya tsaya a ƙofarsu, Mainasara ya fito da carbi a hannu ya ce, "Ilyasu, ɓatan hanya ka yi. Gidan nan fitarwa yake yi, ba ya karɓa. Wuce gaba, ƙofar Bakhita."

Bakhita maƙwabciyarsu ce, mai sayar da shayi a bakin titi. An tafi da mijinta yaƙin kudu bai dawo ba, ya bar ta da 'yan mata ƙanana. Nata rabon yana zuwa, amma buhu ɗaya a gidan nan kafin tsakiyar azumi ya zama labari. Tun daga shekarar nan ta riƙa samun biyu.

Rabi'atu ba ta ƙi Bakhita ba, tare suke shan kofi in rana ta yi sanyi. Amma ku faɗi gaskiya, wace mace ce za ta ga buhun dawa ya zo har ƙofarta, ta ji ƙanshinsa, sannan ta tsaya tana kallon jaki ya yi gaba da shi? Duk shekara sai an yi ta.

"Malam, hukumar da ta cire maka ita ta aiko maka. Kai ka fi ta sani ne?"

"Kuskuren masu kwamiti ne. Ta yaya zan ba da hannun dama in karɓe da na hagu?"

"To ni ka bar ni in karɓa, ai ni ba a cire mini komai ba."

"Ke cinki yana wuyana."

"Shi ya sa na ga wuyan yana ta ramewa."

Sai ya yi dariya ya shige masallaci, ya bar ta da murhu. Kaya kuwa kullum tashi suke yi, an canja kuɗi daga fam zuwa dinari amma ambulan ba ta yi nauyi ba. Rabi'atu ta koyi tsinka ƙullun kisra, waina mai faɗi ta garin dawa da suke ci da miya, tana ƙara masa ruwa har in ta shimfiɗa shi a kan kasko ana hango baƙin ƙarfen ta cikinsa. Kullum baya take juya wa mijin in za ta ƙara ruwan. Haushinsa take ji, amma ba ta son ya gani.

Da tafiya ta yi tafiya ma'ash ya kasa, Mainasara ya kama rabin wani ɗan shago a kasuwar Omdurman yana ɗinkin huluna, sana'ar da ya koya wurin mahaifiyarsa. Bai cika shekara ba masu haraji suka zaga kasuwa suka ce duk mai shago sai ya kai bayanin abin da ya samu a shekara. Da suka ji yana karɓar fansho, suka ce ya biya ta tsohon kamfaninsa ya karɓo takardar shaidar abin da ake cire masa, ya kai ofishin Khartum inda sunansa yake.

Rabi'atu ta ce ƙafarta ƙafarsa, don idonsa ya fara hazo, gwiwar kuma ba ta son turmutsitsin mota. Ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a da hular da ya fi ji da ita. A cikin ƙaramar bas ɗin da ta ɗauke su, suna kan gadar Farin Nilu, ya raɗa mata cewa yau masu haraji za su san da wa suke magana. Ta ce masa ya dai riƙe sandarsa da kyau.

A kamfani ba su daɗe ba aka ba su takardar cikin ambulan. A ofishin haraji kuwa sai da rana ta take kafin layi ya zo kansu. Wadda suka tarar a bayan tebur yarinya ce sanye da farin mayafin ma'aikata, ana ce mata Ustaza Safa. Ta ji Rabi'atu tana ce wa mijin ya zauna a hankali kujerar tana rawa, sai ta ɗago ta yi murmushi, ta waiga hagu da dama, ta rage murya ta ce da wata Hausa mai ɗingishi, "Sannu Baba, sannu Hajja. Kakata 'yar Maiwurno ce."

Jin sunan garin nan da mutanen yamma irinsu suka kafa a ƙasar, nan fa Mainasara ya saki jiki, har yana tambayarta 'yar gidan wa ce. Ta duba takardar kamfani, ta tambaye shi abin da shago yake kawowa, ta yi 'yan rubuce-rubucenta. Can fuskarta ta washe irin ta mai shirin ba da albishir.

"Baba, labari mai daɗi. Ka ga abin da kamfani yake cire maka duk wata? Dariba ce, yani haraji. Amma ba ɓacewa yake yi ba, kamar ka biya gaba ne. In shekara ta ƙare muna haɗa ma'ash da abin da shago ya kawo, mu ga abin da ya hau kanka, sai mu cire wanda aka riga aka karɓa. Shi ya sa muka ce ka kawo shaida. Kai kuma wanda aka karɓa ya fi wanda ake binka. Bana ba ka biyan komai, khalas, shi ke nan. Rarar kuma in ka so mu mayar maka, in ka so mu ajiye maka ta baɗi."

Zuciyar Rabi'atu ta yi fari fat. Har ta fara hango gawayi da albasa da maganin gwiwa. Ta juyo don su haɗa ido da mijinta, sai ta ga bai motsa ba.

"Madalla, 'yata," in ji shi. "To ita zakkar fa, a ina aka rubuta ta?"

"Wace zakka, Baba?"

"Wadda ake cire mini a ma'ash."

Ustaza Safa ta sake duba takardar, ta juya bayanta. "A'a Baba, zakka ofishinta daban. Kuma ma'ash ɗinka bai kai nisabi ba, ko kusa bai yi ba. Ba a cire maka zakka."

"Bana kike nufi, ko tun farko?"

"Tun farko. Dariba ce kawai." Ta ƙara da murmushi, don a ganinta sauƙi take yi masa, "Alhamdu lillahi, babu nauyinta a kanka."

Mainasara ya gyaɗa kai a hankali. Ya sa hannu a inda ta nuna masa. Da ta sake tambaya ko a mayar da rarar ko a ajiye, sai ya ce ta tambayi Hajja. Rabi'atu ta ce a mayar, kuma tun kalmar ba ta gama fita ba ta ji kunyar saurin da ta yi. Mijin ya dogara sandarsa ya yi gaba. Yarinyar ta riƙo gefen mayafin Rabi'atu.

"Hajja, na faɗi wani abu ne?"

"A'a 'yata, aikinki kika yi, kuma kin yi shi da ladabi. Allah ya yi miki albarka."

A motar komawa wani saurayi ya tashi ya ce, "Itfaddal ya Hajj," ya ba shi wuri. Mainasara ya zauna bai amsa ba. Har suka tsallake gada, har suka sauka a Umbadda, tagar kawai yake kallo.

Kwanakin da suka biyo baya bai je shago ba. Masallaci yana zuwa, amma da an sallame yake dawowa ya kwanta a angarib cikin rumfa, fuskarsa tana kallon bango. Abinci sai ya taɓa ya ture. Rabi'atu ta gwada tsokana, ta ce tunda ya zama mai bin hukuma bashi ai sai ya saya mata awarwaro. Bai ko murmusa ba. Ta gwada nasiha, ta ce ai malamai sun ce wanda bai da shi babu laifi a kansa.

"Na sani," ya ce. "Ba laifi nake tsoro ba, Uwar Dauda. Babana bai kai Makka ba, amma ya san bai kai ba. Ni kuwa shekara da shekaru ina ɗaga hannu ina gode wa Allah a kan abin da ban yi ba. Har ina tausaya wa waɗanda ba su kai ba." Sannan ya ƙara, "Ke kuma na hana ki rabonki a banza. Tun ranar farko ke ce da gaskiya."

Wannan ita ta fi yi mata ciwo. Shekarun nan duka jira take ya ce ita ce da gaskiya, ga shi ya faɗa, kuma da za a ba ta zaɓi da ta mayar masa da maganarsa. Ta shiga ɗaki ta zauna a kan akwati ta yi kukanta a ɓoye. Tsoro ya kama ta sosai, don ta ga tsofaffi da yawa da suka juya wa bango fuska haka, ta kuma san inda abin yake ƙarewa.

Ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, da hantsi, ta jiyo ƙarar ƙafar amalanke a lungu, ta ji ta tsaya a ƙofarsu. Ilyasu ya yi sallama. Mainasara bai tashi ba. Daga kwancen ya ce, "Je ki karɓa. Ki ce ya shigo da shi ciki."

Ta gyara mayafi ta fita. Ga buhun nan a kan amalanke, cike dam, ga ƙullin sukari da galan ɗin mai a gefensa. Garin da ya rage mata a tukunya ba zai kai su ganin wata ba, rarar masu haraji kuma har yanzu tana can ana sa mata hannu. Ta ɗora tafinta a kan buhun, ta ji dawar tana motsi a ƙarƙashin yatsunta. Wallahi tana so.

Ta ɗaga kai. A tsallaken lungu Bakhita tana tsugune a ƙofarta tana wanke kofunan shayi, ta duƙar da kai kamar ba ta ga amalanken ba, kamar yadda take yi duk shekara don kada a ce jira take. Babbar 'yarta tana tsaye tana riƙe mata buta. Yarinyar da Rabi'atu ta sani da ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, yau ta fi uwarta tsawo, kumatunta sun cika. Rabi'atu ta daɗe tana kallonta. Sannan ta janye hannunta daga buhun, ta ɗaga murya yadda za a ji ta har cikin rumfa.

"Ilyasu, yaushe za ka daina ɓatan hanya? Gidan nan fitarwa yake yi, ba ya karɓa. Wuce gaba."

Ilyasu ya yi dariya. "Wallahi Hajja na sani, jakin ma ya sani. Tsayawa kawai muke yi mu gaisa da Hajj. Yau ban gan shi ba, lafiya?"

"Lafiya lau. Gobe za ka same shi a shago."

Da ta koma ciki ta tarar da Mainasara ya tashi zaune, ya zuro ƙafafunsa ƙasa.

"Me kika yi haka?"

"Abin da muka saba."

"Ba ki ji abin da yarinyar nan ta ce ba? Ban taɓa fitar da komai ba."

Ta jawo kujera ta zauna gabansa, gwiwa da gwiwa. "Na ji ta da kunnena. Abin da hukuma ta cire an sa shi a lissafinka, rarar ma za su dawo maka da ita. To buhunan da ka tura gidan Bakhita fa, Malam, wa zai dawo maka da su? Leƙa ka ga 'yar nan tata. Ka je ka ce ta mayar."

Can ya ce, "Wannan ai ba zakka ba ce. Wanda bai kai nisabi ba..."

"Sunan ka bar wa Allah da zai karɓa, ya fi mu sanin inda zai ajiye ta. Ni dai na san an fitar da wani abu daga gidan nan duk shekara, kuma na san nauyinsa, don daga tukunyata aka ɗiba."

Idanunsa masu hazo suka cika. Bai share ba, ya bar hawayen suka gangaro cikin furfurar gemunsa. Ya daɗe yana kallon hannuwanta, waɗanda zafin kasko ya ƙona wa yatsu.

"Ashe ke kika yi ta fitarwa, Rabi," ya ce. Rabon da ya kira ta da sunan nan tun kafin a haifi Dauda.

"Tare muka yi. Kai ka nuna ƙofa, ni na ji da sauran. Kuma kada ka ɗauka na huce, baɗi ma sai mun yi faɗan nan."

Ya yi 'yar dariya mai haɗe da tari. Daga tsallaken lungu suka jiyo an sauke buhu ƙasa, suka jiyo muryar Bakhita tana sa albarka. Mainasara ya laluba ƙarƙashin matashi ya ɗauko hularsa ya sa, ya ce yunwa yake ji.

Rabi'atu ta koma gindin murhu ta buɗe kwanon ƙullu. Ta duba shi, ta auna da ido, ta ɗebo ruwa a moɗa. Har ta fara juya masa baya yadda ta saba, sai ta fasa. Ta zuba ruwan a gabansa tana motsawa, shi kuma ya sauko daga angarib da ƙyar, ya ɗauki mafici ya zauna kusa da ita yana fifita mata wuta.